Na Yi Alkawarin Ƙona Marimbar Babanmu

Inna Herminia, ki taimake ni don girman Allah, kuma ki yi da wuri, domin sati uku kacal ya rage in aikata abin da ba ya gyaruwa. Ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba. Matata Florinda ce ke karanta filinki duk Asabar, ni kuwa ina yi mata tsiya, ina cewa aikin marasa aikin yi ne. To yau ga ni a ƙofarki. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗa miki komai, har da wanda ban faɗa wa fastonmu ba.

Ni magidanci ne ɗan shekara arba'in da takwas, a wani gari kan duwatsun Totonicapán. Babanmu, Allah ya ba shi hutawa, makaɗin marimba ne, abin kiɗan nan na fallayen itace da ake bugawa da sanduna, kuma da hannunsa ya sassaƙa tasa. Shekara biyu ya yi yana zaɓen itace, kowane falle sai ya ƙwanƙwasa shi a kunnensa kafin ya yarda da shi. Doguwa ce, mutum huɗu ke jerawa a kanta. Ina ɗan shekara tara ya fara ɗora ni kan akwati don hannuna ya kai, ina sha bakwai ya matsa ya ba ni tsakiya, inda ake fitar da ainihin waƙar. Ƙanena Anacleto yana can gefe kan manyan fallaye, yana riƙe mana ƙasa, bum, bum, ba mai ko kallonsa. Da Baba zai rasu ya faɗa a gaban kowa cewa marimba ta babba ce. Ni ne babban.

Kin san yadda biki yake a wurinmu. Makaɗi ba ya sayen giya. Duk wanda waƙa ta taɓa masa zuciya sai ya ajiye kwalba a ƙarƙashin marimba, in ka ƙi sha ka raina shi. Haka na fara, da sunan kara. Kafin in ankara ta zama ita ce karin kumallona. Shekara ashirin da biyar na yi a haka, abin da Florinda da 'ya'yana suka gani kuwa ba na takarda ba ne.

Ranar da za a binne mahaifiyarmu asirina ya gama tonuwa. Ta bar wasiyya a raka ta da kiɗan mijinta. Ƙarfe goma na safe aka fito da akwatin gawar, ni kuwa na riga na yi tatul. Na ɗaga sanduna suka suɓuce, na sunkuya in ɗauka sai amai, a kan fallayen, gari guda yana kallo. Anacleto ya tuɓe rigarsa ya goge, ya tsaya a wurina ya kaɗa. Aka raka uwata maƙabarta ina kwance a gindin katanga.

Kwana tara bayan haka maƙwabcina Don Eusebio ya tarar da ni zaune a bakin kwata. Bai yi mini wa'azi ba, cewa ya yi in taya shi ɗaukar benci zuwa cocinsu. Na kai bencin, na zauna a kansa in huta, aka fara waƙa. Wata tsohuwa ta ɗora mini hannu a ka. Inna, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Na zube a ƙasa na yi kuka wajen awa biyu, da na miƙe ƙishin nan da ya zauna mini a maƙogwaro tun ina saurayi babu shi. Shekara biyar ke nan ko ɗigo ban kai baki ba. An yi mini baftisma, na san Yesu ya cece ni, wannan ko wuƙa aka sa mini a wuya ba zan yi musunsa ba. 'Ya'yana sun daina tsallaka titi in sun hango ni.

A cocinmu wanda ya tuba ba ya kiɗan biki, saboda giya da rawa da ɗaukar gunkin waliyyi a kafaɗa. Na miƙa sandunana ga Fasto Nehemías da hannuna, da farin ciki kuma. Na koma aikin kafinta, ina haɗa kujeru da akwatin gawa. Marimba kuwa na bar ta a gidan Anacleto da sunan aro, shi da 'yan'uwanmu uku suna ci da ita.

Ga inda gizo ke saƙar. Na ɗauka in ba ni, kiɗan zai mutu murus. Har tausayinsu na riƙa ji, ina cewa a raina bayin Allah za su sha wuya. Ashe! Shekarar farko aka fara kiransu garuruwan da ni ban taɓa takawa ba. Anacleton da ke gefe yana bum, bum, shi ne yanzu mutane ke tsayar da rawa don su kalli hannunsa. Ba ya sha, ko ya sha bai wuce kurɓi ɗaya ba, ya tashi garau ya koma gida wurin matarsa Juventina. Ni abin ya kusa kashe ni, shi ko ƙwarzane bai yi ba. Don Allah, Inna, wannan adalci ne?

Wata rana a kasuwa mai sayar da tumatir ta ce mini, "Kai malam, ashe kai ka tsare wa ƙanen nan naka hanya duk shekarun nan! Allah ya yi wa cocinku albarka da suka ɗauke ka." Mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe. Ranar ban iya cin abinci ba.

Zan faɗa miki abin kunya. Suna gwaji duk Laraba da la'asar a tsakar gidan Anacleto. Sai in ce wa Florinda zan je sayen ƙusa, in zagaya bayan katangarsu in tsaya ina ƙirga kuskure. Hannuwana na cusa su a aljihu saboda yatsun ba sa jin magana, da kansu suke bin waƙar. Akwai wata waƙa ta Baba da nake taƙama ba mai iya ta sai ni. Anacleto ya canza mata ƙarshe, ya ƙara wani ɗan juyi nasa. Na tsaya ina jira in ji ya ɓata ta. Inna, ta fi kyau. Ta fi tawa, ta fi ta Baba. Na jingina da katangar nan ina jin wani abu yana cin ƙirjina, na koma gida ba ƙusa ba dalilinta.

Tun daga nan na zama mai wa'azi a gidansa. In na je gaishe su sai in ɓige da zancen wuta da hukunci, har Juventina ta daina fito mini da kunun masara. Florinda ta ce mini, "Baban Rosa, wannan zafin naka ba na Ruhu ba ne, na san wanda ka shigo da shi shekara biyar da suka wuce, wancan sanyi gare shi." Na daka mata tsawa, na ce ita ba ta san sha'anin ruhaniya ba. Matar da ta yi shekara goma sha huɗu tana yi mini addu'a!

Sai kuma Lahadin da ta wuce. Muna da al'ada, Lahadin farko ta wata ranar ba da shaida ce. Da, in na tashi na ba da tawa, mata kuka maza kuka. Yanzu kowa ya haddace ta, ina kaiwa wurin amai sai in ga ana duba agogo. Ranar wani tsohon mai duba da ya tuba ya kawo jakar tsubbunsa, aka cinna mata wuta a harabar coci, jama'a na tsalle suna Halleluya, ana rungumarsa. Kuma da safen nan na ji an kira ƙanena gwanin gwanaye a rediyon garinmu. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ni ma ina da gunki da na ɓoye, marimbar ubana, kuma zan kawo ta nan in ƙona ta don ɗaukakar Ubangiji. Coci ya ɗauki sowa. Maƙwabcina Don Eusebio ya rungume ni yana hawaye. Rabon da a tafa mini haka tun ina tsakiyar marimba.

Aka tambaye ni rana, na ce Lahadin ƙarshen watan nan. Kin san me ya sa? Kwana biyu bayanta za a fara bikin waliyyin garinmu, kuma bana Anacleto ne zai buɗe shi a dandali. Na lissafa sarai kafin in faɗa.

Labari ya riga ni zuwa gidansa. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Washegari sai ga shi a shagona, hula a hannu. Ya ce, "Yaya, taka ce, Baba ya faɗa, ban manta ba. Alfarma ɗaya nake roƙo, kada ka turo 'yan cocinku su jawo ta a ƙasa. Ka faɗi lokaci, ni zan kawo maka ita da kaina." Ya tambayi lafiyar gwiwata, ya mai da hularsa ya tafi. Da zagina ya yi da na fi jin daɗi.

Yanzu na rasa tudun dafawa. Magana zarar bunu ce, na yi ta a gaban Allah da mutum ɗari biyu. In na janye za a ce na ja da baya, Shaiɗan ya sake kama ni, kuma su ne mutanen da suka ɗauke ni daga kwata lokacin da kowa ke toshe hanci. Ban da su ba ni da kowa. Sannan akwai tsoro na gaske: duk Larabar da na tsaya bayan katangar nan, ina jin ɗanɗanon giya a harshena. Wataƙila da gaske tarko ce, wataƙila in ta zama toka zan huta. Amma gida huɗu ke ci da ita, kuma in na rufe ido na hango wutar, ba fuskar Yesu nake gani ba, fuskar Anacleto nake gani tsaye a dandali hannu rabbana, kuma daɗi nake ji. Wane irin sabon mutum ne wannan? Na ɗauka ranar da na tashi daga ƙasan cocin nan an wanke komai. In ƙona ko in fasa? In na fasa, da wane ido zan kalli 'yan'uwa?

Naki cikin damuwa,
Mai Hannu a Aljihu

*

Ɗana Mai Hannu a Aljihu,

Kada ka ƙona ta. Na fara da wannan ne don in jaridar ta jiƙe a hanya, ko an naɗe tumatir da sauran shafin, ka dai samu amsarka. Yanzu ja kujera cikin waɗanda ka haɗa ka zauna mu yi magana.

Da farko ina taya ka murna, kuma da zuciya ɗaya. Shekara biyar ba giya bayan ashirin da biyar a cikinta ba ƙaramin abu ba ne. Na ga maza da yawa da suka gwada suka kasa, na raka wasunsu maƙabarta. Kishin da ka tarar a ranka bai soke abin da ya same ka a cocin nan ba. An cire maka ƙishi rana ɗaya, alheri ne. Sauran halin kuwa da kaɗan-kaɗan ake gyara shi, kuma a nan mafi yawan masu bi suke yin rayuwarsu, ranar Talata da Laraba, ba wanda ke tafa musu. Kai dai ka zaci an yaye ka daga makaranta, alhali ranar aka rubuta sunanka.

Ni ba fasto ba ce, kuma ba zan sa baki a kan ko kiɗan biki ya halatta ga mai bi ba. Akwai coci-coci a ƙasar nan da ke yabon Allah da marimba, akwai waɗanda ko a ƙofa ba sa son ganinta, kowa da hujjarsa. Mutanenka ba wawaye ba ne. Sun san inda kwalba take zama a wurin biki, sun nisanta ka da wurin, kuma sun yi daidai a kanka. Tsoron da kake ji ma kada ka raina shi. Mutumin da ke jin ɗanɗanon giya a bayan katanga ba shi da abin yi a bayan katangar. Daga wannan Larabar, in ƙusa kake so ka aiki Florinda, ko ku tafi tare.

Amma dubi bambanci. Mai duban nan jakarsa ya ƙona, abin da shi yake ci da shi, shi ya yi asara. Kai ka riga ka ba da naka tun ranar da ka miƙa sanduna. Abin da kake shirin sa wa wuta yanzu tuwon gida huɗu ne da ranar farin cikin ƙanenka, kai ko ƙwayar masara ba za ka rasa ba. Ba a yin baiko da akuyar maƙwabci. Kuma ai ba ni na gano dalilinka ba, kai ka rubuta shi da hannunka: ka lissafa rana. Wanda ke gudun tarko ba ya duba kalandar biki.

Ka ce wataƙila in ta zama toka za ka huta. Haba ɗana! An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, kai ina za ka kai taka? Gwanintar Anacleto a hannunsa take, itace bai ƙare a daji ba. Cikin shekara garin zai haɗa masa wata, ya ci gaba da kiɗa, kai kuma ka zama mutumin da ya ƙona aikin ubansa don baƙin ciki. Kishin yana nan inda yake, ka ƙara masa da rashin ɗan'uwa. Kuma ka ji tsoron wannan, domin irin wannan nadamar ce ke mai da mutum bakin kwalba.

Ga abin da nake so ka yi, kuma cikin satin nan, kada ka jira ta ƙure. Ka ba Florinda haƙuri tukuna, ta gan ka sarai kafin ka ga kanka. Ka miƙa mata wasiƙar nan ta karanta, in ba ta riga ta gane mijinta a shafin Asabar ba. Sannan ku je wurin Fasto Nehemías ku biyu, a gidansa, ba a ƙofar coci ana gaisawa ba. Ka faɗa masa yadda ka faɗa mini, har da lissafin rana da daɗin da kake ji. Makiyayi na gari ba zai so a hura wutar hassada a harabarsa da sunan Allah ba. In kuma ya ji duka ya ce duk da haka sai an ƙona, to da ladabi ka ce masa ba za ka iya ba. Alkawarin da aka ɗauka don a cuci wani, cika shi laifi na biyu ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Batun idon jama'a, ba zan ruɗe ka ba, za a yi magana. Wasu za su ce ka ja da baya, wata ma za ta ce tun farko ta san tubanka bai nuna ba. Sati biyu za su yi su kama wani zancen. Kana kukan shaidarka ta tsufa, to ga sabuwa ta samu. Ka miƙe a gaban mutum ɗari biyun nan ka ce, na yi muku alkawari da sunan Ubangiji, amma kishin ƙanena ne ya yi magana da bakina, ku yi mini addu'a. Ba lalle a yi sowa ba. Amma ina tabbatar maka ba mai duba agogo, domin kowane benci akwai mai irin ciwonka yana ɓoyewa. Mutanen da suka ɗauke ka da amai a riga ba na jin za su yar da kai don ka faɗi gaskiya.

Marimba kuma ka fitar da ita daga hannunka gaba ɗaya. Muddin sunanta aro, duk ranar da zuciya ta tashi kana da abin yi wa ƙanenka barazana. Ka tara dangi ka ce ka ba shi halak malak. Babanku ya ce ta babba ce, to babba yana da ikon yin kyauta. Yatsunka da ba sa jin magana, wannan zance ne na gaba. Ka tattauna da fastonka in ƙura ta lafa ko akwai inda za su yi aiki ba kwalba a kusa. Ba yau ba.

Saura mai wuyar, wadda ta fi tsayawa gaban coci. Ka je gidan Anacleto kafin biki, da rana, ta ƙofar gaba. Kada ka tafi da wa'azi ko guda. Mutumin nan ya yi shekara ashirin a gefe yana riƙe maka ƙasa, ya rufa maka asiri ranar da ka fi kowace rana bukata, kuma duk yabon da gari ke yi masa, ina zargin akwai baki ɗaya da yake jira har yanzu. Ka dube shi ka ce, ƙanena, ka fi ni iya kiɗa. Za ta yi maka ɗaci a maƙoshi, ka daure ka faɗa. Abin da ke cin ƙirjinka a ɓoye yake samun abinci, ranar da ka faɗe shi a gaban mai shi ranar zai fara ramewa.

Allah da ya tashe ka daga ƙasa ya riƙe ka a tsaye, ya sanyaya maka zuciya, ya bar ku kai da ɗan'uwanka ku tsufa kuna gaisawa. Ka gaida Florinda da kyau.

Taka,
Inna Herminia